Tafkin da Ya Ci Ƙafar Sailuba

Ranar wata Talata da hantsi bakin gwangwani ya yanki Sailuba a idon sawun hagu. Tana tsaye ne cikin tafkin bayan gida, ruwa har ƙaurinta, tana cuɗa buhu, sai ta taka wani dutse, santsinsa ya kwashe ta, ƙafar ta zame ta sauka kan gwangwanin da ke binne cikin laka. Yankan bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ta fito bakin ruwa, ta yago gefen tsohon ɗankwalinta ta ɗaure wurin, ta koma ta ƙarasa wankin, domin buhunan sai sun bushe kafin la'asar.

Wankin buhu shi ne aikinta a gidan ƙanenta Alhaji Attahiru, tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan ubansu a wani ƙauye da ke gab da Ka'oje. Alhaji sana'ar shinkafa yake yi. Ya sayi shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, a hannun manoma, a jiƙa, a turara, a shanya, a kai inji, 'yan kasuwa su zo har daga tsallaken iyakar Binin su ɗiba. Tsofaffin buhunan taki da na sukari ake zuba ta a ciki, don haka sai an wanke su. Babu wanda ya taɓa ce wa Sailuba dole ne. An dai jibge mata su a ƙofar ɗaki tun makon da ta dawo, ita kuma, da shekarunta hamsin da bakwai, ba ta son a ce tana cin tuwon banza.

Tafkin ragowar ambaliya ne. Da damina gulbi kan cika ya tumbatsa ya haɗe da shi, in ruwa ya janye sai ya bar shi shi kaɗai, babu mafita. Abin da ke shigar masa sai abin da mutane suka tura masa. Daga gabas kwatar mahauta na gangarowa da jini da dattin tumbi. Daga katangar Alhaji kuma wani baƙin bututu ya leƙo, yana tsiyayar da ruwan jiƙon shinkafa mai tsami, haɗe da abin da ke malalowa daga ramin sabon bayin baƙi da ya gina bara. Duk abin da ya kwana biyu a ruwan nan, dutse ne ko kara ko leda, sai ya yi wata fata mai yauƙi, wadda in an shafa ta take bin yatsa.

Da ta shigo gida tana ɗingishi, Mashkura matar Alhaji ta dubi ƙafar daga inda take tankaɗe.

"Ai ɗan kaɗan ne, Yaya. Ki barbaɗa mishi toka, gobe ya kame."

Ta barbaɗa tokar. Washegari ta tarar da wasu buhunan a ƙofar ɗakinta, ta ɗauka ta nufi tafki.

Mako ya zagayo ciwon bai kame ba. Bakinsa ya buɗe, gefensa ya yi ja, tsakiyarsa kuwa ya lulluɓe da wani abu fari-fari mai ƙyalli. In ta goge shi da tsumma da safe, kafin magariba ya dawo. Da rana ta yi zafi sai ta ji wurin yana zuga kamar ana hura masa wuta.

Akwai rijiyar burtsatse a gidan, mai aiki da hasken rana, da babban tanki a kan ƙarfe. Famfo biyu gare shi. Na tsakar gida ƙarami ne, na sha da girki. Babban yana wajen ramukan jiƙo, da kwaɗo a jikinsa, makullin kuwa a aljihun Alhaji. A nan Sailuba ta same shi bayan la'asar, yana duba shansherar da aka jiƙa.

"Alhaji, ina son ka bar ni in riƙa wankin buhunan ga a famfo, ko na kwana goma ne, har ƙafata ta warke."

Ya dubi ƙafar a gurguje, ya mai da ido kan ramin jiƙo.

"Yaya, ke ma kin san tankin ga da ƙyar yake isar jiƙo. In munka buɗe shi ga wankin buhu, da mi za mu jiƙa shinkafa? Ga mutanen tsallake na tafe ran kasuwa."

"Ruwan ne ke cin ciwon, Attahiru. Ina jin shi."

"Wane ruwa? Tafkin ga Inna ta yi wanki cikinshi har ta bar duniya. Mu nan munka koyi iyo. Mi ya same mu?"

"Sa'adda munka koyi iyo babu bututunka."

Sai ya zaro wayarsa, ya ce zai aika a sayo mata magani, ya fita zaure yana amsa kiran da ita ba ta ji ƙararsa ba.

Maganin ya zo, kafso ja da rawaya daga kyamis, an ƙulle a leda. Ta sha na kwana biyar, zugin ya lafa, ta ce alhamdu lillahi. Kwana uku da ƙarewarsa ciwon ya dawo fiye da da. Aka sayo wani, ta sha, ya lafa, ya dawo. Kullum dai da hantsi tana cikin tafki, ta ɗaura leda a kan tsumman, ruwan ya bi ta ƙarƙashin ledar ya kwanta. Kafin wata biyu yankan da bai kai yatsa ba ya zama gyambo mai faɗin tafin hannu, kuma ya fara wari.

Warin ne ya fara raba ta da mutanen gidan. Da, tare suke cin tuwo da Mashkura a kwano ɗaya. Wata rana sai ta ga an zubo mata nata daban an ajiye a bakin ƙofa. Bayan 'yan kwanaki Mashkura ta zo tana murmushi, ta ce ɗakin da ke kusa da rumbu ya fi iska, zai fi mata daɗi. Sailuba ta kwashe tabarmarta da akwatinta ta koma can. Tana shimfiɗa tabarmar ta ce, "Mashkura, ke Alhaji yana jin maganarki. Ki sa baki ya buɗe mini famfon nan."

"Yaya, ni ba ni shiga tsakanin 'yan uwa. Ciki ɗaya kunka fito. In na yi magana sai a ce na fiye zaƙewa."

Ranar wata Alhamis, ba ta gaya wa kowa ba, ta bar buhunan a inda suke, ta kama sanda ta taka zuwa ƙaramin asibitin da ke ƙauyen gaba. Tafiyar da a da take yi kafin shayi ya huce, ranar sai da ta zauna sau huɗu a hanya.

Ma'aikacin da ta tarar, Malam Zulkiflu, mutum ne mai furfura a gemu, ya daɗe a wurin. Ya kwance tsumman a hankali, ya daɗe yana duban ciwon.

"Inna, ruwan wane tafki kike shiga?"

Ta gaya masa. Ya girgiza kai, ya ce ita ce ta huɗu da ya gani daga tafkin nan tun da ruwa ya janye, amma babu wanda nasa ya kai nata. Ta ce ta sha kafso har kashi uku.

"Na sani. Bari in tambaye ki. In randa ta daɗe ba a wanke ta ba, kika sa hannu kika shafa cikinta, mi kike ji?"

"Santsi."

"To wanga santsin ba datti ba ne kawai. Ƙwayoyin cuta ne, ƙanana da ido ba ya gani. In sunka samu wurin zama sai su taru, su fitar da yauƙi su lulluɓe kansu da shi. Shi ne kan duwatsun tafkinku, don ƙazantar da ake zuba mishi abincinsu ce. Kuma shi ne wanga farin abin da ke kan ciwonki. Kafson da kike sha yana kashe na waje, ki ji sauƙi, na cikin yauƙin kuwa ba ya kai gare su sosai. Da maganin ya ƙare sai su fito. Randa sai an dirje ta take fita. Ciwon ga ma haka nan."

Ya dirje shi kuwa. Sailuba ta cusa gefen mayafi a baki, ta riƙe ƙarfen gadon, hawaye na bin kuncinta, ba ta yi ƙara ba. Da ya gama wurin ya fito ja wur, ya wanke, ya naɗe da farin bandeji. Ya ce ta riƙa zuwa bayan kowane kwana biyu, kuma kada ɗigon ruwan tafkin nan ya sake taɓa ƙafar. Ya ce in aka kiyaye za ta warke, in ba a kiyaye ba abin zai kai ga ƙashi. Ta ce masa ba ita ke da ikon hakan ba. Sai ya rubuta takarda ya ce ta kai wa maigidan.

Alhaji ya karanta takardar a tsaye, ya ninke ta huɗu.

"Yanzu Yaya, abin har ya kai ki tafi ki kai ƙarata? Gobe gari duk ya ɗauka wai na hana yayata ruwa. Ni da nike ciyar da ke, nike shayar da ke?"

"Ban kai ƙararka ba. Ƙafata na kai."

"Su ma'aikatan ga komi sai su ce ƙwayoyin cuta. Mutum nawa ke shiga tafkin ga? Shanun Fulani ma nan suke sha." Ya sassauta murya. "Ki huta kwana biyu. Zan san abin da zan yi."

Abin da ya yi shi ne, ran kasuwar Bagudo ya dawo mata da dogon takalmin roba baƙi, irin na masu aikin fadama. Ya miƙa mata a tsakar gida gaban baƙin Mashkura, yana cewa yanzu ko gulbi ta shiga ruwa ba zai taɓa ta ba. Matan suka yi ta sa masa albarka. Buhunan kwana huɗu kuwa sun taru a ƙofar ɗakinta har sun kusa tare hanya.

Ta daɗe zaune tana duban su. Ta tuna maganar Malam Zulkiflu. Ta kuma tuna cewa 'yarta ɗaya ce a duniya, Asma'u, tana aure a Zagga a ɗaki ɗaya da 'ya'ya huɗu, kuma in ta bar gidan nan ba ta san inda za ta sa kanta ba. Ta zura takalmin.

Ya yi mata yawa. Duk sa'adda ta sunkuya ta jawo buhu, ruwan kan fantsamo ya shiga ta sama, ya gangara ya taru a ƙasa. Da can ciwon kan jiƙe ya bushe. Yanzu yini yake yi tsundum a cikin ruwan ɗumi, a rufe. Ta koma wajen Malam Zulkiflu sau biyu, ya dirje, ya yi faɗa, ya ce zai zo ya ga Alhajin da kansa. Ya zo ɗin, aka ce masa Alhaji ya tafi iyaka. Bayan nan ƙafar ta kumbura har ta daina iya takawa zuwa can. Ta roƙi a kai ta a babur, Alhaji ya ce babur ɗin na ɗaukar kaya, kuma shi ya fara zargin abin nan ba na asibiti ba ne.

"Ciwon da ya ƙi kafso, ya ƙi allura, ai sai a duba wani wuri. Kin san bakin ruwa ba ya rasa masu shi. Wataƙila kin taka wani abu."

Ya kawo wani mai magani daga Kurgu, ya shafa mata baƙin gari kwaɓe da man shanu, ya ce kada a buɗe sai bayan kwana bakwai. Alhaji ya gaya wa abokansa a masallaci cewa babu irin maganin da bai nema wa yayarsa ba.

A rana ta biyar zazzaɓi ya rufe ta. Ta tashi da safe haƙoranta na haɗuwa, ta ga buhuna, ta ɗauki rabinsu a ka. Ta isa bakin tafki, ta sauke, ta ga ruwan yana juyawa da itatuwan da ke gefensa. Abin da ta iya tunawa ke nan. Wata maƙwabciya, 'Yar Baba, wadda ta zo ɗibar ruwan kwaɓa ƙasa, ita ta gan ta kwance rabin jikinta cikin laka, ta kira mata suka ɗauko ta. Ita ce kuma ta sa aka buga wa Asma'u waya.

Asma'u ta iso da azahar, goye da jaririnta. Ta shiga ɗakin kusa da rumbu, ta cire takalmin robar da har lokacin ke ƙafar uwarta, ta ga abin da ke ciki. Ta fito ta tsaya a gaban kawunta.

"Kawu, wata uku Inna na cikin wanga hali, ba wanda ya gaya mini?"

"Ba mu so mu tayar miki da hankali ba, ɗiyata. Kuma ita ma ba ta da jin magana. Sau nawa nike ce mata ta huta?"

"Wa ke aje mata buhunan?"

"Yanzu ba lokacin wagga magana ba ne. A samo mota."

A babban asibiti a Birnin Kebbi likitoci suka yi kwana shida suna ƙoƙari. Ciwon ya riga ya ci ƙashi, ya fara shiga jini. A rana ta bakwai suka ce ko ƙafar ko ranta. Asma'u ce ta sa hannu, tana kuka. Da Sailuba ta farfaɗo ta kai hannu ƙasa da gwiwarta ta ji zane kawai, sai ta juya fuska ga bango.

Bayan wata guda aka dawo da ita gida da sanduna biyu. An share ɗakinta na da, an shimfiɗa sabuwar leda, an mai da kayanta. Alhaji ya yanka akuya ya yi sadaka. Gidan ya cika da 'yan dubiya. Daga inda take kwance tana jiyo maza a zaure suna cewa samun ɗan uwa irin Alhaji sai an tona, shi ya ɗauki nauyin komai tun daga mota har jini. Tana jiyo shi yana amsawa a hankali, cewa ƙaddara ce, abin da Allah Ya rubuta ba makawa. A cikin ɗaki Mashkura na maimaita wa mata cewa har takalmi an saya mata.

Sailuba tana jin su. Ta riga ta shirya a ranta za ta haɗiye abin, don ba ta ga amfanin magana ba bayan ƙafa ta tafi. Sai 'Yar Baba ta matso kusa da ita, ta gaishe ta, ta rage murya.

"Alhaji ya ce in karɓi wankin buhunan, zai riƙa ba ni tsaba mudu biyu. Kin san halin da nike ciki da marayun ga. Na ce bari in gaya miki, kada ki ji daga baya."

"A famfo?"

"A'a. Ya ce tankin ba ya isa."

Sailuba ta dubi ƙafafun 'Yar Baba. Duk faso ne, wani ya tsage har yana nuna ja. Ta yunƙura ta zauna, ta kama bakin zanenta, ta yaye shi har gwiwa, ta warware bandejin. Wasu suka kau da kai.

"Dube shi da kyau," in ji ta. "Nawa bai kai fason ƙafarki ba sa'adda ya fara."

Mashkura ta taso da sauri za ta rufe, tana cewa zafin ciwo ne ke sa ta. Sailuba ta ture hannunta. Ta gaya wa matan komai, da muryar da ba ta ɗaga ba: famfon da kwaɗonsa, takardar Malam Zulkiflu, bututun da abin da ke bin cikinsa. Kafin magariba maganar ta kai zaure. Alhaji bai shigo ba. Ya aiko a gaya mata ya yafe mata, don ya san ba a cikin hayyacinta take ba.

'Yar Baba ba ta karɓi aikin ba. Amma bayan kwana uku aka samu wata matar daga wani ƙauye, wadda ba ta san komai ba, aka ba ta buhunan da takalmin robar. Asma'u ta roƙi uwarta ta bi ta Zagga, ko a ƙofar ɗaki ne sa kwana tare. Sailuba ta ce ba yanzu ba.

Tun daga ranar, kullum da hantsi takan dogara sandunanta ta zagaya bayan gida. Akwai wata bishiyar giginya daura da inda bututun ke zuba. A nan take zama, ta miƙe guntuwar ƙafar a kan dutse, a buɗe. Duk wadda ta zo da tulu ko kayan wanki sai ta gan ta, ita kuma sai ta gaya mata. Baƙuwar mai wankin buhu ta yi kwana biyu ta ajiye takalmin ta tafi. 'Yan kasuwar tsallake da ke zuwa awo suka fara tambayar wace ce matar nan, kuma me ke fita daga bututun. A gari wasu suka ce ta kyauta, da yawa kuma suka ce tsufa da ciwo sun taɓa mata kai, tana tona asirin gidan ubanta. Mahauta ba su daina zubar da jininsu ba. Bututun ma bai daina tsiyaya ba. Tuwonta ya koma zuwa a makare, wani lokaci babu miya.

Ranar Juma'a ta uku Mashkura ta biyo ta har gindin giginyar, riƙe da sabon zane a ninke. Ta tsaya nesa kaɗan saboda warin ruwan, ta rufe hanci da mayafi.

"Yaya, Alhaji ya ce don girman Allah ki rufa mishi asiri. Ya ce in dai zaman nan ne sai kin yi, to ki rufe ƙafar da wanga zane. Mutane na gani."

Sailuba ba ta karɓi zanen ba. Ta dubi bututun, ta dubi Mashkura.

"Ki ce mishi ya rufe bututunshi, ni ko in rufe ƙafata."